Zafi Ne Ya Dawo Da Soro, Malam

Makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan gidaje ta zagaya sosai. Abin da ya tsone masa ido shi ne sabon yayin da ya shigo na komawa ga fasalin gidajen iyaye da kakanni: zaure a ƙofar gida, tsakar gida a buɗe, zanko a kan katanga, zane a goshin ƙofa, da jan bulo na ƙasa da wasu suka fara ɗorawa a maimakon na siminti. A ganinsa duk wannan ƙyale-ƙyale ne na masu hannu da shuni da 'yan bokon da ba su taɓa kwana a soro mai yoyo ba. Ya ce iyayenmu da hankalinsu suka bar ƙasa suka kama kwano da siminti, kuma duk mai son ya san makomar ginin ƙasa ya tuna abin da ya faru a masallacin Zariya da na Damagaram. Malam ya iya riƙon alƙalami, akwai kuma inda ya faɗi gaskiya. Sai dai ya yi wa abubuwa biyu kuɗin goro alhali ba hanyarsu ɗaya ba: adon da ake liƙa wa gida don mai wucewa ya ɗaga kai, da dabarar zama da zafi wadda mutane ke komawa gare ta don dole.

Bari in fara ba shi nasa. Zankon siminti da ake kafawa a kan katangar gidan da aka rufe da kwanon zamani ba ya aikin komai. A ginin asali zanko yana da amfani: nauyinsa na danne kusurwar rawanin soro, inda ruwa ya fi cin gini, kuma a jikinsa magini ke ɗaura igiya idan zai hau yaɓe. Indararo kuwa shi ke tunkuɗa ruwan rufi nesa da gindin bango. Wanda ya sa birkila ya zuba masa zanko huɗu da rodi a ciki, ya sa mai walda ya lanƙwasa dagin Arewa a jikin get, ya shafe komai da fenti ruwan ƙasa, sannan ya shige ɗaki ya kunna AC, to ado ya saya, kuma yana da damar sayen abin da ransa ke so. Idan da a nan Malam ya tsaya, da ban ɗauki biro ba.

Amma ya zarce ya ce kewar zamanin da ya wuce ce ke jan mutane. A nan muka raba gari. Mutumin da ke tambayar mai zanen gini yadda za a bar masa fili a tsakiyar gida, ko yadda za a ɗaga rufi a ƙara kaurin bango, galibi ba tarihin Sarki Rumfa ke damunsa ba. Takardar kuɗin wuta ce a aljihunsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. A watan Afrilun 2024 aka ninka wa 'yan rukunin A kuɗin lantarki fiye da sau uku, ya kai naira 225 a kan kowane yunit, a daidai watan da zafi a Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40 kusan kullum. A Yamai da Maraɗi an ga wani salon: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, aka shafe watanni ana rabon 'yar wadda ta rage. Buhun siminti shi ma ya tsallake naira 10,000 a farkon 2024. Gidan bulo da kwano, yadda muke gina shi, an tsara shi ne a bisa alkawarin cewa fanka za ta riƙa juyawa. An karya alkawarin, shi ya sa mutane suka fara waiwaye.

Bari Malam ya shiga irin gidajen da ake ginawa a unguwannin awon igiya na bayan garin Kano, ya zauna a ciki da azahar a watan Afrilu bayan an ɗauke wuta. Bulo inci shida ne, mai rami a ciki, an ja shi da ƙarancin siminti. Kwano a sama, silin a ƙasansa kaɗan, taga ɗaya ta gilashi mai zugewa wadda rabinta kawai ke buɗuwa, ita ma tana kallon katangar maƙwabci da tazarar da akuya ba za ta juya a ciki ba. Kafin la'asar katifa ta ɗau zafi, ruwan da ke cikin bokiti ya yi ɗumi, jariri ya cika da ƙurajen zufa. Ƙarfe goma na dare ka dafa bangon yamma, har yanzu yana huci. Maigida dai ya fice tun safe, yana kasuwa ko ofis ko majalisa a gindin bishiya. Uwargida da yara su ne a ciki, kuma ba su da inda za su fita su sha iska, don an cinye filin duka da ɗakuna, ɗan abin da ya rage an shafe shi da kankare. Iyayenmu sun gudu daga yoyo da yaɓen shekara-shekara, gaskiya ne. Abin da muka gina a madadin ya sa mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Tsohon soro ba tsafi ke sanyaya shi ba. Bangon tubali kaurinsa a gindi kan kai kamu guda ko fiye, rufinsa kuma azara ce da ƙasa mai kauri a kai. Zafin rana kan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa wannan tudu ya iso ciki, saboda haka da tsakar rana ɗakin na nan da sanyin daren jiya. Sa'ad da zafin ya iso, dare ya yi, mutanen gida sun riga sun fitar da tabarmi tsakar gida ko sun hau kan soro. Da hunturu kuma wannan ɗumin da bango ke saki da dare shi ake nema. Wato ɗaki da tsakar gida da rumfa tare suke aiki, kowanne da sa'arsa. Malam ya ce shi ma soro yana zafi da daddare a bazara. Haka ne, kuma magina sun sani, shi ya sa ba su taɓa gina soro ba tare da filin kwana a gabansa ba. Wanda ya auna soro shi kaɗai, ya manta da tsakar gida, rabin gidan ya auna.

Hujjarsa mafi nauyi ita ce rushewa, kuma ba abin wasa ba ce. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A farkon Satumbar 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Kowace damina kuma ana jin gidajen ƙasa sun faɗa wa masu su a ƙauyuka. Amma a duba shekarun. Masallacin Zariya aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ya doshi shekara 190 yana ɗauke da rufinsa a kan bakan gizo na azara da ƙasa, kuma fadar Zazzau da kanta ta ce an ga tsaga a jikinsa kwana guda kafin abin ya faru. Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina sun girme shi nesa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye tun gyaran da aka yi mata a 1844, kuma saboda irinta UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A ɗaya ɓangaren, benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, ko gama shi ba a yi ba. Makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, babu tubali ko ɗaya a jikinta. Ban ji Malam ya ce a daina gini da kankare ba, kuma daidai ne da bai ce ba, domin abin da ya kashe mutane a can ha'inci ne da sakaci. Me ya sa idan ƙasa ce ta faɗi sai a tuhumi ƙasar?

Ginin ƙasa abokin gabarsa ɗaya ne, ruwa, kuma ta wuri biyu yake shigarsa: ta ka da ta gindi. Gidajen da ke zubewa a damina yawanci na talaka ne da ya gina a kwari ko a kan hanyar ruwa, babu harsashin dutse, ya kuma kasa yaɓe shekara da shekaru don abinci ya fi yaɓe gaggawa. Wani kuma a ƙoƙarin gyara yake ɓatawa: sai ya shafe bangon ƙasa da filastar siminti, ita kuwa ba ta kama ƙasa, tana tsagewa ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye har ranar da zai sulale gaba ɗaya. Magina na asali suna da nasu maganin. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta a shafe bango da daɓe. Laso kuma, wanda ake wa rufi da bangon masu hali, haɗi ne na katsin marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Wanda ya taɓa ganin ana daɓen ɗakin amarya ya san aikin: a baza tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu tare, a bari ya sha iska a sake, har ƙasa ta yi duhu ta yi santsi tana ƙyalli, ƙafa ta taka ta ji sanyi. Tayil ya fi shi sauƙin gogewa, ban musa ba.

Akwai abin da ba zai dawo ba, kuma gara masu ɗokin gargajiya su ji shi daga bakin mai goyon bayansu. Azara daga giginya ake tsaga ta, giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci. Ko da tana nan, azara ɗaya ba ta ɗaukar rufi fiye da ƙafa shida ba tare da tallafi ba, abin da ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su sami ɗaki mai faɗi. Karofi nawa suka rage da za su ba da katsin laso, in ka cire na Ƙofar Mata da 'yan tsiraru? Ƙananan tagogin soro ma ba abin koyi ba ne, ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa sanƙarau da tari. Ma'aikacin da ke fita tun safe ba shi da lokacin neman magini duk bayan damina. In da abin da ake kira a koma masa shi ne gidan 1930 yadda yake, da na bi bayan Malam.

Waɗanda suka ɗauki maganar da gaske ba haka suke yi ba, kuma abin mamaki ne a ce makalar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali a ƙofarmu suke. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala wani aiki a 2018: tsohon masallacin ƙasa na garin aka gyara ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, magina na yankin kuma suka yi rufin. Kafin nan, a 2016, ita da abokan aikinta sun gina gidaje shida a Yamai da irin wannan bulo, masu bene, kowanne da ɗan filinsa na shan iska a ciki, a kan filin da a ƙa'ida gida ɗaya ake dasawa. Wannan ya amsa ƙorafin Malam na cewa fili ya yi tsada, babu wurin tsakar gida a birni. A Yama, nan cikin jihar Tawa, masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma shi magini ne na ƙauye, manomi. Tun 1980 ake koya wa magina a Nijar yin rufin tulluwa da tubali zalla, ba itace ko sanda ɗaya, saboda dai matsalar azarar nan. Can a Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗage kwano sama ya bar rata tsakaninsa da silin na ƙasa don iska mai zafi ta fice. A 2022 aka ba shi Pritzker, kyauta mafi girma a wannan fanni. Kwano ne dai irin wanda Malam ke yabo, an sa shi inda ya kamata: yana tare ruwa, ba ya gasa na ciki.

Shi wannan bulo ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse a inji, a rufe ta ta yi ƙwari a inuwa. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan matse shi. A ɗora shi a kan harsashin kankare da ya ɗaga sama da ƙasa, a zazzago da bakin rufi ya kare bango daga feshin ruwa, an toshe hanyoyin nan biyu da ruwa ke bi. Babu yaɓen shekara.

Sai zaure, wanda Malam ya kira ɓarnar fili a zamanin da kowa ke da falo. Ni kuwa ina ganin zaure bai taɓa tafiya ba, korarsa aka yi ya koma kan titi. Duk rumfar tamfol da aka kafa aka toshe layi don zaman makoki ko ɗaurin aure, aikin zaure take yi. Saurayin da ke zance a cikin mota ko a tsaye a jikin get, zaure ya rasa. Alhajin da ya sa aka fitar masa da falo na biyu mai ƙofa ta waje, da banɗakinsa, don kada baƙi maza su ratsa ta kan iyali, zaure ya gina, ya sa masa kujerun kushin. Tsarin asali ya warware wannan da wayo mai sauƙi: ƙofar shiga zaure da ta fita zuwa cikin gida ba sa kallon juna, saboda haka baƙo na zaune a inuwa, ana gaisawa, ana kawo masa ruwa, idonsa bai kai tsakar gida ba. A nan maigida ke ɗinkin hula ko dukanci, a nan yara ke karatun allo, a nan baƙon da dare ya yi wa ke kwana. Iyalin da har yanzu ke sallama kafin su shiga gidan wani, suke kuma raba wurin zaman maza da na mata, ba kwaikwayon kowa suke yi ba idan suka nemi gidan da ya san da haka.

Fasalin da Malam ke kira na zamani ma ai gado ne, na wasu. Gidan da ake dasawa a tsakiyar fili, tagogi na kallon waje, samfurin gidajen Turawan mulki ne na GRA, su ma daga Indiya suka kwaso shi. Nasu yana da baranda mai faɗi ta kewaye shi, da rufi mai tsawo, da fili mai yalwa cike da bishiyoyi. Mu muka ɗauko shi muka matse a fuloti ƙafa hamsin, muka yanke barandar, muka sare bishiyar, muka ja katanga mai tsawo ta toshe tagogin. Turawan farko kuwa da suka iso Kano ba su raina soro ba. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, a gidan ƙasa ya zauna, gidan da har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa. Su ma magina na dauri ba mutanen tsaya-wuri-ɗaya ba ne. Da keke da mota suka shigo, sun zana su a bangon zaurukan 'yan kasuwar Zariya da Kano, kusa da dagi. Darbejiyar da muke ɗauka kamar da ita aka halicci tsakar gida, baƙuwa ce daga Indiya, zamanin Turawa ta zo, aka ga tana da inuwa aka karɓe ta.

Inda maganar Malam ta fi ciwo shi ne da ya ce abin na masu kuɗi ne, domin a yau akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda zai iya ɗauko mai zanen gini, ya sa a gwada ƙasar filinsa, ya yi hayar inji, ya jira bulo ya bushe, ba shi ne malamin firamaren da ke tara bulo ɗari-ɗari duk ƙarshen wata ba. Dalilin kuwa a bayyane yake. Gidan bulon siminti na nan a kowace unguwa, birkila ya san aikinsa da ka, mai ba da izinin gini ya saba da takardarsa. Bulon ƙasa kuwa sai an nemo wanda ya iya, kuma idan aka sami ɗan koyo ya haɗa ƙasar da ba ta dace ba, bango ya tsage, sai unguwa duka ta ce da ma mun faɗa. 'Ya'yan magina da yawa sun koma birkiloli, sarautar Sarkin Magina ta rage sai hawan salla. Wannan hujja ce ta a koyar da aikin a makarantun koyon sana'a, gwamnatocin jihohi kuma su gina azuzuwa da asibitocin karkara da shi don masu buga bulo su ga akwai kasuwa su sayi injin. Attajiri ko an yi ko ba a yi ba yana da sola da batir, zankonsa na siminti ba zai hana shi barci ba. Malamin firamaren nan ne zai kwashe shekara goma yana gina gidan da matarsa ba za ta iya zama a cikinsa da azahar ba, kuma shi makalar Malam ta ce wa ya ci gaba da yadda yake yi.